Ɗan Mace da Karagar Faransa: Hukuncin 1328 da Abin da Ya Biyo Baya

Ranar 1 ga Fabrairu 1328 Sarkin Faransa Sharl na Huɗu ya mutu yana da shekara 33, bai bar ɗa namiji ba. Abin da ya bari shi ne 'yar jaririya mace da kuma mata mai tsohon ciki. Manyan ƙasa suka taru a Faris, tare da malaman shari'a, don su zaɓi mai riƙon ƙwarya kafin sarauniya ta sauka. Kowa a zauren ya san zancen ya wuce riƙon wata biyu. In an haifi namiji, mai riƙo zai yi mulki da sunansa har ya girma. In an haifi mace, mai riƙon ne zai zarce ya hau karaga.

Mutum biyu aka fi ambata. Na farko Filib na gidan Valois, ɗan baffan marigayin, dattijo ɗan shekara 35 da aka haifa aka kuma raina a ƙasar, mai riƙe da yankunan Valois da Anjou da Maine. Na biyu Edwad na Uku, Sarkin Ingila, yaro ɗan shekara 15, wanda marigayin kawunsa ne: uwarsa Isabela da Sharl uwa ɗaya uba ɗaya suke. In kusancin jini za a duba, Edwad ne gaba. In tsatson maza za a bi, Filib ne. Aka ba Filib riƙo. Ranar 1 ga Afrilu sarauniya ta haifi mace, ranar 29 ga Mayu aka naɗa Filib na Shida a majami'ar Reims, inda ake naɗa sarakunan Faransa.

Littattafai da yawa daga nan suke tsallakawa su ce sai yaƙi ya ɓarke, wanda aka sani da Yaƙin Shekara Ɗari. Amma tsakanin naɗin Filib da fara yaƙin akwai shekara tara cur, kuma a cikinsu Edwad da ƙafarsa ya je ya kai wa Filib caffa. Wannan giɓin shi ne abin dubawa a lamarin nan.

Yadda aka fara hana mata

Tun daga 987, lokacin da Hugh Capet ya hau mulki, gidan sarautar Faransa ya yi wata sa'a da ba a cika samun irinta ba: sama da shekara 300 duk sarkin da ya mutu sai ya bar ɗa namiji da zai gaje shi. Saboda haka babu wanda ya taɓa zama ya rubuta abin da za a yi in aka rasa namiji. Ba a buƙata ba.

Filib na Huɗu, kakan Edwad na wajen uwa, ya mutu a Nuwamba 1314 ya bar 'ya'ya maza uku, Luwi da Filib da Sharl, dukkansu manya da matansu. Wa zai ce cikin shekara 14 gidan zai ƙare? Amma tun kafin ya mutu ɓaraka ta kunno. A farkon shekarar aka kama matar Luwi, Margarit, da matar Sharl, Blanche, bisa zargin neman maza da wasu barade biyu 'yan gida ɗaya. Aka yi wa baraden mummunan kisa a Pontoise, aka aske matan aka kulle su a gidan yarin Château Gaillard, inda Margarit ta mutu a 1315. Wasu marubutan zamanin sun ce Isabela ce ta tsegunta wa ubanta. In haka ne, ita ta fara tona ramin da daga baya ya haɗiye haƙƙin ɗanta, domin wannan abin kunya ne ya sa aka fara ɗiga ayar tambaya kan 'yar Luwi guda ɗaya, Jowan: ta sarki ce ko ta barde?

Luwi na Goma bai yi shekara biyu a kan mulki ba ya mutu, a Yuni 1316, bayan ya buga wasan ƙwallo ya kwankwaɗi giya mai sanyi. Shi ma ya bar sabuwar matarsa da ciki. Ƙanensa Filib ya yi wuf ya karɓe riƙo. A Nuwamba aka haifi namiji, aka sa masa Jon, ya yi kwana biyar ya koma. Saura Jowan, yarinya 'yar shekara huɗu, marainiya, ga tabon uwa a kanta, ga baffa da ke riƙe da baitulmali da sojoji. Filib ya sa aka naɗa shi a Reims a Janairu 1317, ƙofofin gari a rufe saboda tsoron masu adawa. Sai bayan naɗin ya tara manyan ƙasa da malaman addini da attajiran Faris a watan Fabrairu, suka ayyana cewa mace ba ta gadon sarautar Faransa. A lura da yadda abin ya jeru: naɗi ya riga hukunci.

Wanda ya tsaya wa yarinyar shi ne kawunta, Odo mai mulkin Burgundi. Bai daɗe yana tsaye ba. A 1318 aka yi sulhu, ya auri 'yar sabon sarkin, magana ta mutu. Filib na Biyar kuwa da ya mutu a Janairu 1322 'ya'ya mata kawai ya bari, sai wuƙar da ya wasa ta yanke nasa: babu ko gardama ƙanensa Sharl ya hau. Sau biyu ke nan an tsallake mata, abin ya fara zama al'ada.

Abin da aka yi gardama a kai a 1328

Masu magana da yawun Ingila ba su ce a naɗa Isabela ba. Sun yarda mace ba ta hawa karaga. Hujjarsu ita ce mace gada ce: ba ta zama a kan mulki, amma jinin sarauta yana bi ta kanta ya isa ga ɗanta, kuma a cikin mazan da ke raye babu wanda ya kai Edwad kusanci da sarkin da ya mutu. Malaman Faransa suka ce wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi. In uwa ba ta da haƙƙi, daga ina ɗa zai samo?

A ganina, ta fuskar shari'ar wancan zamani, hujjar Ingila ba ta wasa ba ce. Mata suna gadon manyan yankuna a cikin Faransar kanta, suna kuma sadar da gado ga 'ya'yansu. Sarakunan Ingila ta hanyar mace suka sami rabonsu na Faransa tun farko. Rauninta a wani wuri yake. In aka buɗe ƙofar ɗan mace, ba Edwad kaɗai zai shigo ba. 'Yar Filib na Biyar tana da ɗa namiji tun 1323, Jowan ma za ta haifi nata a 1332, wato Sharl na Navar, wanda ya shafe rayuwarsa yana tuna wa kowa cewa shi jikan babban wa ne. Duk lokacin da wata gimbiya ta haihu sai lissafi ya sake. Tsatson maza kuwa, ko me za a ce da shi, yana ba da amsa guda.

Amma ban ɗauka dabarar malamai ce ta yanke hukuncin ba. Wani marubucin tarihi na gidan ibadar Saint-Denis ya faɗi abin da ke zukatan mutane a fili, cewa Faransawa ba su ji za su iya zama a ƙarƙashin mulkin Ingila ba. Sannan a duba wanda za a miƙa wa ƙasar in an zaɓi Edwad. Yaron ba shi da iko ko a gidansa. Uwarsa ce ke mulki tare da Roger Mortimer, mutumin da duniya ta san abin da ke tsakaninsu. Su biyun ne suka shiga Ingila da sojoji a 1326, suka tuɓe mijinta Edwad na Biyu a Janairu 1327, kuma kafin shekarar ta ƙare aka sanar da mutuwarsa a inda ake tsare da shi a Berkeley. Manyan Faransa da suka tsallake Jowan saboda zargin da aka yi wa uwarta ba za su ɗauki ƙasa su danƙa wa Isabela ba. Filib kuwa nasu ne, sun yi farauta da shi, sun yi yaƙi tare, sun san abin da zai ba kowa.

Abin da ya ƙara nuna cewa maslaha aka bi shi ne yadda aka yi da Navar, ƙaramar masarautar da ke kan duwatsun iyakar Sifen, wadda sarakunan uku na ƙarshe suka haɗa da Faransa. A shekarar nan ta 1328 aka miƙa ta ga Jowan da mijinta, domin mutanen can sun ce al'adarsu ba ta hana mace. Yankin Champagne mai arziki kuwa, wanda shi ma ta wajen kakarta ya zo kuma ya kamata ya bi ta, sai aka riƙe shi aka yi mata alkawarin musanya.

Daga Landan aka aiko manyan limaman coci biyu a watan Mayu su shigar da ƙorafi. Babu wanda ya kula su. A Agusta Filib ya murƙushe 'yan tawayen Filandas a Cassel, waɗanda ke yi masa ba'a da sunan sarkin tsintuwa, sai kowa ya ga sarauta ta zauna. Ya aika wa Edwad ya zo ya yi caffa saboda ƙasashen da yake riƙe da su a Faransa. An ce Isabela ta amsa da cewa ɗan sarki ba ya durƙusa wa ɗan hakimi. Da aka yi barazanar ƙwace kuɗin shigar ƙasashen, sai ga Edwad a majami'ar Amiens ranar 6 ga Yuni 1329. An yi ta jayayya kan lafazin da ya furta, ko cikakkiyar caffa ce mai wajabta taimakon yaƙi ko ta fatar baki, har a 1331 ya rubuta takarda ya amince cikakkiya ce. A lokacin ya riga ya kama Mortimer a Nottingham ya sa an rataye shi, mulki yana hannunsa, ba mai cewa uwarsa ce ta tilasta shi. A shekarar ma ya ɓad da kama cikin shigar fatake ya ƙetara ya gana da Filib a asirce. Mutumin da ke ganin an ƙwace masa karaga ba haka yake yi ba.

Inda gyambon yake

Gyambon yana kudu maso yammacin Faransa, a Gaskoni, abin da ya rage daga babbar ƙasar Akiten da Eleanor ta shigo da ita gidan sarautar Ingila da ta auri Henri na Biyu a 1152. A yarjejeniyar Faris ta 1259 Henri na Uku ya yarda zai riƙe yankin a matsayin mai caffa ga Sarkin Faransa. Wato mutum ɗaya, in yana Landan sarki ne mai cikakken iko, in aka zo zancen Bordo hakimi ne da ake iya aika wa sammaci.

Wurin ba na yarwa ba ne. Giyar inabin da ake fitarwa ta tashar Bordo ta haura manyan ganguna 100,000 a kakar 1308 zuwa 1309, kuma harajinta yana cikin manyan hanyoyin kuɗin Sarkin Ingila, kuɗin da ba sai ya roƙi majalisa ba. Mutanen Gaskoni su ma sun fi son ubangidan da ke nesa, mai sayen hajarsu, a kan na Faris mai yawan ma'aikata.

Matsalar ita ce ɗaukaka ƙara. Duk wani basaraken Gaskoni da hukuncin wakilin Sarkin Ingila bai yi masa daɗi ba yana iya kai kuka babbar kotun sarki a Faris. Da zarar ya shigar da ƙara ya fita daga hannun wakilin, ya shiga kariyar Sarkin Faransa har a gama shari'a, shari'ar kuwa tana iya shekaru. Ma'aikatan Faris suna shiga su kafa tutar sarkinsu a kan gidan mai ƙara. In hakimin ya ƙi bin umarni, hukuncinsa ƙwace ƙasa. An yi haka a 1294, aka yi yaƙi, aka mayar a 1303. Auren Isabela da Edwad na Biyu ma cikin sulhun wannan rikicin aka ƙulla shi, don a kashe wutar Gaskoni, sai ga shi auren ne ya haifo mai neman karagar gaba ɗaya. An sake ƙwacewa a 1324 kan rigimar wani ƙauye, Saint-Sardos, kuma wanda ya ja rundunar Faransa a lokacin uban Filib na Shida ne. Bayan wannan yaƙin Faransa ta riƙe yankin Agenais ta ƙi saki.

Ga kuma Sukotland. Tun 1295 akwai ƙawance tsakaninta da Faransa. Edwad ya ci Sukotawa a Halidon Hill a 1333, ƙaramin sarkinsu Dauda na Biyu ya gudu, Filib ya ba shi mafaka a 1334, ya kuma ce babu sulhu kan Gaskoni sai an sa Sukotland a ciki. Edwad ya ga an ɗaure shi ta ƙafa biyu: a matsayinsa na mai caffa ba shi da damar yaƙar abokin ubangidansa, a matsayinsa na sarki kuwa ba zai bar wani ya tsara masa iyakarsa ta arewa ba. A 1336 Fafaroma Benedict na Sha Biyu ya soke yaƙin da Filib ke shirin kaiwa gabas, sai jiragen ruwan da aka tara a Marseille aka juyo da su gaɓar Normandi, suna kallon Ingila.

Ana cikin haka ga Robat na Artois a fadar Edwad. Labarinsa abin dariya ne in ba don jinin da ya jawo ba. Mijin 'yar'uwar Filib ne, yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙari wajen ɗora shi a 1328. Shi kuma abin da ke cinsa shi ne yankin Artois, wanda kotu ta ba gwaggonsa Mahaut ta hana shi, har sau biyu. Ya zaci tunda an hana mata sarauta, surukinsa zai karɓo masa. Da ya ga shari'a ba ta tafiya yadda yake so sai ya sa aka ƙirƙiro takardun jabu, asiri ya tonu, aka ƙone matar da ta rubuta su, aka kore shi daga ƙasa a 1332. Ya isa Ingila a 1334 cike da gaba. Ƙin miƙa shi ne dalilin da Filib ya rubuta a takarda ranar 24 ga Mayu 1337 da ya ayyana ƙwace Gaskoni karo na uku. Daga wannan ranar ake ƙirga yaƙin.

Amfanin da'awa

A kakar 1337 Edwad ya fara kiran abokin gabarsa Filib na Valois mai kiran kansa sarki. Duk da haka bai ɗauki sunan Sarkin Faransa a bainar jama'a ba sai ranar 26 ga Janairu 1340, a kasuwar birnin Gent, inda ya fito da sabon tambari mai haɗe da furannin Faransa da zakunan Ingila. Me ya sa a Gent, me ya sa sai lokacin?

Biranen Filandas, Gent da Bruges da Ypres, da saƙa suke ci, ulun da suke saƙawa kuwa daga Ingila yake zuwa. A 1336 Edwad ya hana fitar da ulu, masaƙa suka zauna ba aiki, yunwa ta shiga. Mai mulkin yankin ya tsaya kan biyayyarsa ga Filib, sai mutanen Gent suka bi wani attajiri, Jacob van Artevelde, wanda ya nemi shiri da Ingila. Amma akwai rantsuwa a wuyansu: sun yi alkawarin ba za su yi wa Sarkin Faransa tawaye ba, in sun saɓa akwai tara mai nauyi da kuma korar coci. Mafita ita ce a sauya wanda ake kira Sarkin Faransa. In Edwad ne sarkin, bin sa biyayya ce.

Shi ma Edwad abin ya warware masa ƙulli. Muddin yana hakimin Gaskoni, yaƙinsa da Filib tawayen bara ne ga ubangida, kuma a dokar zamanin duk wanda ya taimake shi ya ci amana. Da ya ce karagar tasa ce, sai suka zama sarki da sarki, caffar Amiens ta zama abin da aka karɓa daga yaro ba bisa haƙƙi ba. A Fabrairu ya fitar da takarda zuwa ga mutanen Faransa yana alkawarin dawo da kyawawan dokokin zamanin Luwi na Tara da daina lalata darajar kuɗi. Daga nan duk basaraken da ya ɓata da Faris, a Normandi ne ko a wani wuri, ya sami inuwar fakewa: ba ya cin amanar sarauta, sarkin gaskiya yake bi. Ƙasar da jama'arta ba su kai sulusin na Faransa ba ba ta da hanyar cin yaƙin nan sai da irin waɗannan 'yan gida.

Kada a ɗauka Edwad yana cikin ƙarfi ne a lokacin. Bashi ya yi masa katutu wajen bankunan Bardi da Peruzzi na Florence, ya jinginar da kambinsa wajen babban limamin Trier, da zai koma Ingila neman kuɗi kuwa sai da ya bar matarsa Filifa da tsohon ciki a Gent a matsayin jingina. A can ta haifi Jon, kakan Henri na Biyar.

Shekara guda bayan haka aka sami abin da ya tona cikin kowa. A Afrilu 1341 mai mulkin Bretagne, yankin da ke kusurwar yammacin Faransa, ya mutu ba ɗa. Masu nema biyu: ƙanensa na wajen uba, Jon na Montfort, da 'yar ƙanensa shaƙiƙi, Jowan ta Penthièvre, matar Sharl na Blois, wanda Filib kawunsa ne. Filib, da ya hau mulki bisa hana mata, kotunsa ta ba mace gaskiya. Edwad, da ke neman Faransa ta hanyar uwa, ya tura sojoji su tsaya wa tsatson maza. Lauyoyin kowane ɓangare suna da amsa, cewa dokar yanki daban ta masarauta daban. To, amma Edwad tashoshin ruwan da ke kan hanyar Bordo yake so, Filib kuma ɗan 'yar'uwarsa yake so a wurin. An yi shekara 23 ana wannan yaƙin kafin gidan Montfort ya yi nasara a Auray a 1364.

Farashin karaga

Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sanannu ne: na ruwa a Sluys a 1340, Crécy a 1346 inda maharban Ingila suka zubar da baraden Faransa, kama Calais a 1347, annobar da ta tsayar da komai a 1348, sai Poitiers a 1356 inda babban ɗan Edwad ya kama Sarkin Faransa Jon na Biyu, ɗan Filib, da ransa. A ƙarshen 1359 Edwad ya nufi Reims da niyyar a naɗa shi. Garin ya rufe ƙofa, sanyi da yunwa suka ci rundunar, ya janye a Janairu. A Afrilu ƙanƙara ta yi wa sojojinsa ɓarna kusa da Chartres. A Mayu 1360 aka zauna a Brétigny.

A nan ne aka ga nawa da'awar take a kasuwa. Edwad ya yarda ya ajiye sunan Sarkin Faransa. Abin da zai karɓa: Akiten mai faɗi, da Calais, da Ponthieu, duk mallakarsa ba caffa ba ɗaukaka ƙara zuwa Faris, sai kuɗin fansar Jon, zinariya miliyan 3. Wato da ya sami damar zaɓa, abin da kakanninsa suka rasa tun 1259 shi ya ɗauka. Wasu masana suna cewa da Reims ta buɗe ƙofa da ya sa kambin, kuma ban musa ba; wanda ya je rijiya da guga ba ya ƙin ruwa. Amma abin da ya sa wa hannu shi ne shaidar da ke gabanmu.

Sai aka yi wani sakaci, ko kuwa wayo. Da aka zo tabbatar da yarjejeniyar a Calais a Oktoba, aka cire sashen da kowanne zai yafe haƙƙinsa aka sa shi a takarda daban, aka ce za a yi musayar yafewar bayan an gama miƙa garuruwa. Ba a taɓa yi ba. Kowane ɓangare ya ga amfanin barin ƙofa a buɗe. A 1368 ɗan Edwad, da ke mulkin Akiten, ya ɗora harajin gida-gida don biyan bashin yaƙin da ya kai Kastil. Basaraken Armagnac da na Albret suka ƙi biya, suka ɗaukaka ƙara zuwa Faris. Sharl na Biyar, wanda ya gaji ubansa Jon a karagar Faransa, ya tambayi malaman shari'a, suka ce tunda ba a yi musayar ba, ikonsa yana nan. Ya karɓi ƙarar, ya aika sammaci. A Yuni 1369 Edwad ya sake ɗaukar sunan Sarkin Faransa, kafin shekara ta ƙare an sake ayyana ƙwace Akiten.

Dokar da ta zo daga baya

Sau da yawa za ka ji an ce dokar Salik ce ta hana Edwad. Babu wanda ya ambace ta a 1317 ko a 1328. Tsohuwar doka ce ta ƙabilar Faranka daga zamanin sarkinsu Clovis, farkon ƙarni na 6, yawancinta jerin diyya ne na kisa da sata da rauni. A ciki akwai sashe guda da ya ce mace ba ta gadon wata irin ƙasa ta gado, kuma gonaki ake nufi, ba mulki ba. Sai a 1358 wani malamin Saint-Denis, Richard Lescot, ya tono ta ya danganta ta da gadon sarauta, sai kuma a farkon ƙarni na 15 irin su Jean de Montreuil, sakataren sarki, suka mayar da ita makamin mayar wa Ingila martani. Shekaru da dama bayan an yanke hukunci aka samo masa aya.

Ɓangaren Ingila ma bai tsira daga irin wannan ba. Henri na Biyar, wanda ya farfaɗo da da'awar ya ci Agincourt a 1415, jikan Jon ɗin nan da aka haifa a Gent ne, na uku a cikin 'ya'yan Edwad maza da suka rayu. Ubansa ya ƙwace mulkin Ingila a 1399 ya tsallake Edmund Mortimer, wanda ya fito daga wan Jon ta hanyar mace. In ɗan mace yana gado, to, Faransa da Ingila duka na Mortimer ne. In ba ya gado, Henri ba shi da abin nema a Faris. Shi ya sa yarjejeniyar Troyes ta 1420 ba ta dogara da Isabela ba. An ce ne Sharl na Shida, Sarkin Faransa mai taɓin hankali, ya ɗauki Henri a matsayin ɗa kuma magaji, ya aura masa 'yarsa Katarin, aka ture ɗansa na cikinsa. Malaman ɓangaren yariman suna da amsa a shirye, wadda Jean de Terrevermeille ya rubuta tun 1419: sarauta ba dukiyar sarki ba ce balle ya yi wasiyya da ita ko ya hana magaji.

Henri ya mutu a Agusta 1422, surukinsa ya bi shi a Oktoba, aka bar jariri ɗan wata goma da sunan sarkin ƙasa biyu. Yariman da aka ture ya sami naɗi a Reims a Yuli 1429 bayan Jan Dark, budurwar ƙauye da ta jagoranci sojojinsa, ta buɗe masa hanya, Burgundi, wadda ke ƙawance da Ingila, ta bar ta a sulhun Arras a 1435, igwa ta gama da rundunar Ingila a Castillon a Yuli 1453, Bordo ta miƙa wuya a Oktoba. Ba a rubuta wata yarjejeniyar ƙare yaƙin ba. Calais ta zauna a hannun Ingila har 1558, sarakunan Landan kuma suka ci gaba da rubuta Sarkin Faransa a jerin laƙabinsu har 1801, lokacin da Joj na Uku ya cire shi, shekara takwas bayan Faransawa sun fille kan nasu sarkin.